Ruwan batir: asid ke zuwa wurin ruwa, ruwa ba ya zuwa wurin asid

A yau batir ya shiga ƙauyuka. A ƙaramar hukumar Allakaye, da sauran garuruwan gundumomin Buza, Keita da Madawa, da wuya a sami garin da babu shi. Yana cikin moton ɗan kabu-kabu. Yana cikin motar da ke ɗaukar albasa daga fadamar Tarka. Yana cikin rumfar mai cajin salula. Yana cikin gidan da aka kafa faifan sola don fitila da rediyo.

Wannan ci gaba ne. Amma cikin irin wannan batir akwai wani ruwa mai haɗari. Sunansa asid. Wanda ya san halinsa zai yi aiki da shi lafiya. Wanda bai sani ba yana iya rasa idonsa cikin ƙiftawa ɗaya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Suna ɗaya, ruwa iri 3

A kasuwa da gareji ana cewa "ruwan batir". Amma abubuwa 3 ne ake kira da wannan suna. Duka 3 kama da ruwan sha gare su. Ido ba ya raba su.

1. Tataccen ruwa. Wannan ruwa ne zalla. An tafasa shi, an tara tururinsa, tururin ya huce ya koma ruwa. Babu gishiri ko ƙasa a cikinsa. A jikin kwalbarsa akan rubuta EAU DISTILLÉE. Ba ya ƙona kowa.

2. Surkakken asid. Shi ne yake cikin batir. In an auna nauyinsa, wajen kashi 1 cikin 3 asid ne, sauran ruwa ne. Yana huda tufafi, yana cin fata, yana makantarwa.

3. Tsantsar asid. Shi ne uban haɗari. Cikin kashi 100, kashi 98 asid ne. Yana da kauri kamar man gyaɗa. Yana da nauyi ƙwarai. Litar 1 ta ruwa kilo 1 ce. Litar 1 ta tsantsar asid kuwa kilo 1 ce da giram 840. Daga cikinsa ake surka na batir.

A jikin kwalbar asid akan rubuta ACIDE ko ACID. Sau da yawa akwai hoto cikin jan zane mai kusurwa 4: ruwa yana ɗiga bisa hannu da bisa ƙarfe, yana cin su. Duk wanda ya ga wannan hoto, ya yi hattara.

Asid ɗin batir, Turawan Faransa suna ce masa "acide sulfurique". Daga farar wuta ake yin shi. A duniya ana yin fiye da tan miliyan 200 kowace shekara. Mafi yawansa wajen yin takin zamani yake tafiya. A Arlit, inda aka fara fitar da uraniyom a 1971, da shi ake narkar da uraniyom daga cikin dutse. Batir mai dalma da asid kuwa, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Ashe dai asid abu ne mai amfani. Kamar wuta yake: ta dafa tuwo, ta ƙona rumbu.

Daga ina zafin yake fitowa?

In mutum ya taɓa kwalbar asid, ba zai ji zafi ba. In ya taɓa bokitin ruwa, ba zai ji zafi ba. Amma da zarar sun haɗu, sai zafi mai tsanani ya taso, ba wuta, ba itace.

Ga dalili. Tsantsar asid yana da ƙishirwar ruwa. Duk inda ya ga ruwa sai ya cafke shi. Yana tsotse ruwan da ke cikin iska. In ya zuba bisa itace, ko sukari, ko zane, sai ya tsotse ruwan jikinsu, su yi baƙi kamar gawayi. Haka yake yi wa naman mutum. Lokacin da ƙwayoyin asid suke kama ƙwayoyin ruwa, ƙarfin da ke ɓoye cikinsu yana fita. Wannan ƙarfin shi ne zafin.

Matan da ke yin sabulu sun san irin wannan abu. In an zuba soda cikin ruwan sanyi, sai roba ta ɗauki zafi, har tururi ya tashi. To, na asid haka yake.

Zafin ba kaɗan ba ne. In aka surka litar 1 ta tsantsar asid, zafin da zai fita ya isa ya kai litar 3 ta ruwan randa har ga tafasa. In aka juye asid ɗin gaba ɗaya, zafin haɗin yana ƙaruwa da fiye da digiri 70. Ruwa yana tafasa a digiri 100. A ƙasar Adar, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yana wuce digiri 40. Ruwan da ya yini cikin bido yakan kai digiri 35. A yi lissafi: 35 da 70, 105 ke nan. An wuce wurin tafasa. Don haka haɗarin ya fi yawa da bazara.

Me ya sa ba a zuba ruwa cikin asid?

Da hunturu, in mace za ta surka ruwan wanka, ruwan sanyi take zubawa cikin na zafi. In fura ta yi kauri, ruwa ake ƙara mata. Hannu ya saba da haka. Wannan sabon shi ne tarkon. Wajen asid, akasin haka ake yi.

Mai tuyar ƙosai ta san abin da ke faruwa in ruwa ya ɗiga cikin mai mai zafi. Sai man ya yi ƙara, ya yi tsalle, ya fallatsa mata a hannu da fuska. Ruwan ne ya koma tururi nan take, ya ture man.

Haka yake in an zuba ruwa cikin tsantsar asid. Abubuwa 4 ne suke haɗuwa:

Na ɗaya, ruwa bai kai asid nauyi ba. Saboda haka ba ya nutsewa. Yana tsayawa a sama, kusa da fuskar mai zubawa.

Na biyu, ruwan kaɗan ne, asid ɗin da yawa. Duk zafin yana taruwa a wuri ɗaya, cikin ɗan ruwan nan.

Na uku, asid ba ya shanye zafi kamar ruwa. Zafin da zai ɗumama kilo 1 na ruwa, kashi 1 cikin 3 nasa ya isa ya ɗumama kilo 1 na asid. Kuma asid, kamar mai, yana wuce digiri 100 nesa bai tafasa ba.

Na huɗu, in ruwa ya koma tururi, yana kumbura ƙwarai. Cokali 1 na ruwa yana zama wajen cokali 1700 na tururi. Tururin nan sai ya nemi hanya. Sai ya watso asid mai zafi sama, zuwa ido, da fuska, da ƙirji.

In kuwa asid aka zuba cikin ruwa, labari ya sake. Asid mai nauyi ne, sai ya nutse, ya bazu. Ruwan da yawa ne, sai ya raba zafin, ya shanye shi. Ko da wani abu ya fallatsa, mafi yawansa ruwa ne.

Ga ƙa'idar da za a riƙe: asid baƙo ne, ruwa mai gida ne. Baƙo ke zuwa wurin mai gida, kuma da sallama yake shiga, sannu sannu.

Wa ya kamata ya surka asid?

Ba aikin kowa ba ne. Manomi, da ɗan kabu-kabu, da mai cajin salula, babu abin da za su yi da tsantsar asid. Kada ya shiga gidansu ma. Sabon batir na moto yakan zo da nasa asid, an riga an surka shi daidai. A zuba shi yadda yake. Kada a ƙara masa komi. Surka asid aikin mai gyaran batir ne, wanda ya koyi sana'ar, kuma yana da kayan aiki.

Ga yadda gwani yake yi:

1. Yana yin aikin da sassafe, lokacin da gari ke da sanyi. A fili yake yi, cikin inuwa, iska tana bayansa.

2. Yana korar yara da bisashe daga wurin.

3. Yana ajiye bido cike da ruwa mai tsabta kusa da shi, a buɗe, da buta. Wannan don ko ta kwana ne.

4. Yana sa tabarau mai rufe gefen ido, da safar hannu ta roba, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Ba a aikin asid da silifa.

5. Yana zaɓen mazubi na roba mai kauri, mai faɗin baki. Ba ya amfani da bokitin ƙarfe ko tukunyar alminiyo, don asid yana cin su, yana fitar da iska mai kama wuta. Ba ya amfani da ƙwarya ko tukunyar ƙasa. Ba ya amfani da kwalbar lemo, don zafi yana fasa ta.

6. Yana aza mazubin cikin babban baho mai ruwan sanyi, don ya riƙa jan zafin.

7. Tataccen ruwa yake fara aunawa, ya zuba shi duka. Mudu 3 na ruwa, mudu 1 na asid. Abin nufi, da abin da aka auna ruwa sau 3, da irin girmansa za a auna asid sau 1.

8. Sannan ya tsiyaya asid siriri kamar zare, ta gefen mazubin. Yana motsawa da sandar roba. Ba da itace ba, ba da ƙarfe ba. In ba a motsa ba, asid yana kwanciya a ƙasa, daga baya ya taso gaba ɗaya.

9. Yana zuba kaɗan, ya dakata. In mazubin ya yi zafi, sai ya jira ya huce. Sannu ba ta hana zuwa.

10. In ya gama, ba ya rufewa sai ya huce sarai. Ba a zuba asid mai zafi cikin batir, don yana lalata farantan dalma.

11. Bayan ya huce, yana gwada shi da ma'aunin asid, wato ƴar kwalbar nan mai balan-balan ta roba a kai. Haɗin 3 da 1 yana nuna wajen 1,28. Ma'anarsa litar 1 tana da nauyin kilo 1 da giram 280. Don ƙasashe masu zafi, akwai batiran da ake yi wa haɗi mai sauƙi, wajen 1,24. A bi abin da aka rubuta a takardar batir.

12. Yana rubuta ASID da manyan baƙaƙe a jikin bidon, ya kulle shi a shago.

Akwai wani abin mamaki. Litar 3 ta ruwa da litar 1 ta asid ba sa ba da litar 4. Wajen litar 3,8 ake samu. Ba zubewa ya yi ba. Ƙwayoyin ne suka matse juna.

Abu ɗaya kuma: masu sayar da mai a kwalba sukan ja mai da tiyo, su zuƙa da baki. Kada a taɓa yi wa asid haka, ko sau ɗaya.

To, ai ana zuba ruwa cikin batir?

Mai karatu zai yi wannan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. Amsa ita ce: asid ɗin da ke cikin batir an riga an surka shi. Ya riga ya sha ruwa ya ƙoshi. Mafi yawan zafinsa ya fita tun ranar da aka haɗa shi. Don haka ƙara masa ruwa kaɗan ba ya sa shi tsalle. Ƙa'idar nan ta tsantsar asid ce.

Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowane da murfinsa. In ruwan ɗaki ya ragu, ruwa ne ya tafi, asid yana nan. Zafin gari yana busar da ruwan. Caji kuma yana raba shi, ya koma iska. Saboda haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Wanda ya ƙara asid, ya sa haɗin ya yi ƙarfi, ya cinye farantan, batir ya mutu da wuri. Ya yi asarar kuɗinsa.

Kada a zuba ruwan rijiya ko na famfo. Ƙasar Adar tana da farin dutse da yawa. Irinsa ake yin siminti da shi a Malbaza. Ruwan da ya ratsa shi yana ɗauko gishirinsa. Shi ne farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi. Irin wannan gishirin, da ƙarfen da ke cikin ruwa, suna rage ran batir.

A zuba ruwan har ya rufe farantan, ya kai layin sama da ke jikin batir. Kada a cika har baki. Lokacin caji batir yana fitar da iska mai kama wuta. Kada a leƙa shi da ashana. Kada a sha taba kusa da shi. Batir ɗin da aka rufe ruf tun daga masana'anta, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa komi.

In tsautsayi ya faru

Maganin farko ruwa ne, ruwa mai yawa, nan take. Ruwa kaɗan ne yake haddasa zafi. Ruwa mai yawa mai gudu yana kwashe asid da zafin gaba ɗaya.

In a fata ne: a tuɓe tufafin da asid ya taɓa, da zobe, da agogo. A yi ta kwarara ruwa, aƙalla minti 20. A duba agogon salula. Minti 20 yana da tsawo. In bido 1 ya ƙare, a kawo wani.

In a ido ne: a kwantar da mutum, idon da ya samu rauni yana ƙasa. A buɗe fatar idon da yatsa, ko da yana jin ciwo. A tsiyaya ruwa da buta daga wajen hanci zuwa wajen kunne, don kada ya shiga ɗaya idon. Minti 20 zuwa 30. Kada a murza.

Kada a shafa man shanu, ko man gyaɗa, ko ƙwai, ko man goge haƙori, ko laka. Kada a sa kanwa ko toka a kan rauni. In suka haɗu da asid, wani zafin suke fitarwa.

In yaro ya sha: kada a sa shi amai. Abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga, zai sake ƙona shi wajen fita. A kurkure masa baki. Kada a ɗura masa mai, ko nono, ko ruwan kanwa. Ko da bakinsa bai nuna rauni ba, cikinsa yana iya ƙonewa.

Bayan haka a garzaya gidan likita mafi kusa, a tafi da kwalbar don a ga abin da ke ciki. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura asibitin gunduma a Buza, Keita ko Madawa, ko babban asibitin Tawa. A ɗauki ruwa, a ci gaba da wanke idon a hanya.

In a ƙasa ya zube: a rufe shi da busasshen rairayi. Sannan a barbaɗa toka ko garin kanwa kaɗan kaɗan. Zai yi kumfa. In kumfar ta daina, ƙarfinsa ya mutu. A kwashe da shebur, a binne nesa da rijiya. Kanwa da toka na ƙasa ne, ba na jiki ba.

Ƴan'uwan asid ɗin batir

Akwai wani asid da magina ke wanke tayil da shi, ana kuma wanke masai da shi. Yana fitar da hayaƙi mai shaƙe mutum. Ƙa'idarsa ɗaya ce: shi ke zuwa wurin ruwa. Kada a haɗa shi da ruwan jabel. Haɗin yana fitar da iska mai guba.

Sodar sabulu ba asid ba ce, kishiyarsa ce. Amma ita ma tana fitar da zafi, tana cin fata da ido, tana cin tukunyar alminiyo. Soda ake zubawa cikin ruwa, kaɗan kaɗan. Ruwan soda kama da ruwan sha gare shi, ƙwayoyinta kama da sukari. A ɓoye su daga yara.

Tsohon batir ma ba abin wasa ba ne. Kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko gona. Kada a fasa shi don narka dalma. A ƙasar Senegal, a unguwar Caroy da ke gefen Dakar, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalma ta tsofaffin batira da ake fasawa kusa da gidaje. A mayar da tsohon batir wurin mai saye, yana rufe, yana tsaye.

Abin da za a riƙe

Asid ke zuwa wurin ruwa, sannu sannu, ana motsawa.
Batir in ya ragu, tataccen ruwa yake so.
Ba a ajiye asid ko soda cikin kwalbar abin sha.
In ya taɓa jiki, ruwa mai yawa, minti 20, sannan likita.

Ga tambayoyi don tattaunawa. A garinku, cikin me ake sayar da ruwan batir? An rubuta suna a jiki? Mai gyaran batir yana da tataccen ruwa litar 6: litar nawa ta asid zai auna, kuma wanne zai fara zubawa?

Wanda ya karanta, ya gaya wa wanda bai karanta ba, tun ma ba yaran gareji da matan ƙungiyar sabulu ba. Batir in ya mutu ana sayen wani a kasuwar Tamaske ko ta Madawa. Ido kuwa babu kasuwarsa. Rigakafi ya fi magani.